Yadda Ake Maimaita Tsohon Hoto a Inda Aka Ɗauke Shi Domin Bin Tarihin Kaduna

Kusan kowane mako sai an ga wani ya saka hotuna biyu a Facebook ko a zauren WhatsApp, ɗaya fari da baƙi, ɗaya mai launi, ya rubuta a ƙasa cewa ga Kaduna jiya ga Kaduna yau. Irin waɗannan hotuna suna da daɗin kallo, amma akasarinsu ba sa amfanar mai neman tarihi, domin wanda ya ɗauki sabon bai tsaya a inda mai tsohon ya tsaya ba, wani lokaci ma titin ba ɗaya ba ne, kuma shekarar da aka liƙa wa tsohon hoton ji-ta-ji-ta ce kawai. Aikin da za a yi bayani a nan ya fi wannan cin rai. Ana samo tsohon hoto, a tantance wurinsa da shekararsa gwargwadon hali, a nemo ainihin inda mai kyamara ya kafa ƙafarsa, sannan a sake ɗauka daga nan a cikin irin hasken da ya samu. Idan an yi haka, duk bambancin da ido ya gani tsakanin hotunan biyu zamani ne ya kawo shi, ba kuskuren mai ɗauka ba.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Masu nazarin ƙanƙarar da ke kan duwatsun Turai sun fara amfani da ita tun ƙarshen ƙarni na 19 domin auna yadda ƙanƙarar ke ja da baya, kuma a 1977 wasu masu ɗaukar hoto a Amurka sun bi sawun hotunan da aka ɗauka a yammacin ƙasarsu kimanin shekara 100 kafin nan, suka maimaita su ɗaya bayan ɗaya. Kaduna tana da wata dama da Kano da Zariya da Katsina ba su da ita a wannan fage. Waɗancan birane sun yi ɗaruruwan shekaru kafin kyamara ta iso, alhali birnin Kaduna, in ban da ƙauyukan Gbagyi da aka tarar a wurin, ya tashi ne a gaban idon kyamara. Layin dogo ya ratsa nan a 1911, hedikwatar mulkin Arewa ta taso daga Zungeru ta dawo nan a 1917, saboda haka kusan kowane mataki na girman garin akwai wanda ya ɗauke shi a hoto. Ga kuma aikin sabunta birni da gwamnatin jiha ta soma a 2019, wanda ya sauya fuskar wurare da dama cikin 'yan shekaru, har hoton da aka ɗauka a Kawo ko a shataletalen Leventis a 2015 ya riga ya zama tsohon hoto da ya cancanci a maimaita shi.

Inda ake samun hoton

Wurin farawa shi ne gida. A cikin akwatin kaka ko a ƙasan durowar mahaifi akwai hotunan Sallah, na biki, na ranar kama aiki a masaƙa, na rakiyar alhazai, kuma ko da yake an ɗauke su ne domin mutanen da ke ciki, abin da mai wannan aiki ke nema yana bayansu: katangar makwabta, bakin titi, allon shago, bishiyar ƙofar gida. A ganina waɗannan hotuna sun fi na gwamnati daraja, domin masu ɗaukar hoto na hukuma sun fi karkata ga manyan gine-gine da bukukuwa, ba kasafai suke shiga lungunan Tudun Wada ko Unguwar Shanu ko Makera ba. Tsofaffin masu shagon hoto su ma taska ne, musamman waɗanda suka adana fim ɗin hotunan da suka wanke, kuma sau da yawa suna tuna wanda ya kira su aiki da unguwar da suka je.

Bayan gida sai ma'ajiyoyin hukuma. Arewa House da ke kan titin Rabah, wato gidan da Sardauna Ahmadu Bello ya zauna, wanda aka mayar cibiyar binciken tarihi a 1970 kuma yake ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, yana da hotuna da takardu na zamanin Jihar Arewa. Ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa tana kan titin Yakubu Gowon, gidan adana kayan tarihi kuma yana kan titin Ali Akilu, a ginin da ya taɓa zama hedikwatar jam'iyyar NPC. Tsofaffin kofe na jaridar New Nigerian, wadda ta fara fita ranar 1 ga Janairu 1966, da na Gaskiya Ta Fi Kwabo, suna da wata fa'ida da sauran ba su da ita, wato kowane hoto yana ɗauke da ranar da aka buga shi. Akwai kuma rahoton tsarin birnin Kaduna da kamfanin Max Lock ya wallafa a 1967, mai ɗauke da taswirori da hotunan garin kamar yadda yake a wancan lokaci, wanda ke taimakawa ƙwarai wajen gane tsohon tsarin tituna. Kowace ma'ajiya tana da ƙa'idarta game da kwafa, don haka a tambayi ma'aikacin da ke kula da ɗakin kafin a ɗaga waya.

Kada a fita fili da ainihin tsohon hoton. Rana da gumi da ƙura suna cinye shi, kuma idan na aro ne, ɓatansa na iya ɓata zumunci. A kwafe shi da na'urar sikana mai kyau, ko a shimfiɗa shi a inuwa kusa da taga a ɗauke shi da waya daga sama a miƙe ba tare da walƙiyar kyamara ba. A ɗauki bayansa ma, domin a can ake samun hatimin shagon hoto, da kwanan wata, da rubutun hannu. Sannan a buga kofe biyu a takarda mai faɗi, ɗaya na zane da rubutu, ɗaya na nuna wa mutane.

Tantance wuri da shekara

Ba a gaskata rubutun da ke ƙasan hoto sai hoton da kansa ya ba da shaida. Misali mafi kusa shi ne gadar ƙafa ta Lugga, wato Gwamna Lugard, da ke lambun Ƙofar Gamji. An fara kafa ta ne a Zungeru a 1904, daga baya aka kwance ta aka kawo Kaduna, saboda haka wanda ya sami tsohon hotonta ya garzaya Gamji yana neman inda aka tsaya, mai yiwuwa yana neman wurin da ke Jihar Neja ne. Haka nan hotunan hawan daba suna yawan rikiɗa wa mutane, domin an yi babbar daba a Kaduna lokacin ziyarar Sarauniyar Ingila a 1956, an yi a bikin samun mulkin kai na Arewa a 1959, an kuma yi a lokacin bikin al'adun Afirka na FESTAC a 1977, kuma dawaki da 'yan lifida kusan kamarsu ɗaya a idon wanda bai lura ba. Abin da zai raba su yana gefe: tutoci, kakin 'yan sanda, motocin da aka ajiye, da tufafin 'yan kallo.

Akwai wasu ranaku da ya kamata mai wannan aiki ya haddace, domin suna yanke gardama nan take. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama ranar 2 ga Afrilu 1972, don haka titin da motoci ke bin hannun hagu an ɗauke shi kafin nan. Naira da kwabo sun maye gurbin fam da sule ranar 1 ga Janairu 1973, kuma farashin da ke jikin allon talla ko na gidan mai yana faɗin ɓangaren da hoton ya faɗa. Allon da ke ɗauke da sunan Jihar Arewa ta Tsakiya yana tsakanin 1967 da 1976 ne, shekarar da aka sauya wa jihar suna zuwa Kaduna. Sunan NEPA bai bayyana ba sai 1972, kafin nan sunan hukumar wutar lantarki ECN ne. Yawaitar motocin Peugeot a titi tana nuna bayan 1975, lokacin da aka buɗe kamfanin harhaɗa su a Kakuri, dogayen ƙarafan sabis na wayar salula kuwa suna nuna bayan 2001. Gine-gine ma suna da nasu shekaru: masaƙar KTL ta fara aiki a 1957, filin wasa na Ahmadu Bello an buɗe shi a 1964, otal ɗin Durbar an gina shi domin bikin 1977 aka rushe shi a farkon 2020. Idan aka haɗa alama biyu ko uku, sai tazara ta ƙuntata, a iya cewa hoton yana tsakanin shekara kaza da kaza, wanda ya fi a ƙaƙaba masa shekara guda da ba ta da madogara.

Sai dai a yi hattara da hoton da aka wanke a juye. Idan mai wanki ya kifa fim ɗin, dama takan koma hagu, kuma titin 1980 sai ya fito kamar ana tuƙi a hannun hagu. Maganin wannan shi ne a nemi rubutu a cikin hoton, ko na allo ko na lambar mota, a ga ko yana karantuwa daidai. A kuma tuna cewa sunayen tituna sun sauya, kamar titin Waff da ya koma titin Muhammadu Buhari, don haka dattijo zai iya kwatanta wuri da sunan da babu shi a taswirar waya.

Neman inda aka tsaya

Nan ne ainihin aikin yake, kuma nan ne mafi yawan mutane suke gajiya. Ƙa'idar da komai ya rataya a kanta guda ce: yadda abu na kusa yake jeruwa da abu na nesa a cikin hoto ya dogara ne kacokan a kan inda kyamara take. Irin kyamarar ko gilashinta ba sa sauya wannan jeri, iyakarsu su faɗaɗa abin da ya shiga hoton ko su rage shi. Wanda ya tsaya a wurin da ba daidai ba, ko ya jawo hoton kusa da yatsa ko ya tura shi, ba zai taɓa samun daidaito ba. Gyara a ƙafa yake.

Kafin a fita, a zauna da kofen takarda a nemi abubuwan da ake zaton suna nan har yau, a kewaye su da biro. Waɗanda suka fi aminci su ne kusurwar tsohon bene, hasumiyar masallaci ko ta coci, ƙubba irin ta Lugard Hall, tankin ruwa na ƙarfe, ginshiƙan gadar jirgi, da duwatsun cikin kogi. Bakin kwalta, falwaya, katanga da allon talla ba abin dogaro ba ne, domin ana tayar da su duk lokacin da aka faɗaɗa titi. Bishiya tana tsaka-tsaki, gindin tsohon maɗaci ba ya gusawa amma rassansa sun ninka, kuma mangwaron da ake gani yau wataƙila ɗan wanda ke cikin hoton ne. Ana buƙatar aƙalla abu biyu masu jeruwa, ɗaya kusa ɗaya nesa, a ɓangaren hagu na hoton, da wasu biyu a ɓangaren dama. Kowane jeri yana ba da layi guda a ƙasa, kuma inda layukan biyu suka gamu, nan mai kyamara ya tsaya.

A ɗauka hoton da ke hannunka na titin Ahmadu Bello ne, ga wani tsohon bene mai hawa ɗaya a kusa, ga dogon benen NNDC ya leƙo ta bayansa. A tsohon hoton, kusurwar rufin ƙaramin benen ta yanki dogon ginin daidai kan jerin taga ta uku daga gefe. Ka isa wurin ka duba, sai ka ga kusurwar tana kan taga ta biyar. Abin yi shi ne ka gusa gefe, kana tuna cewa idan ka matsa hagu abin da ke kusa yakan gusa dama a kan na nesa, idan ka matsa dama yakan gusa hagu. Ka riƙa takawa kaɗan-kaɗan har kusurwar ta koma kan taga ta uku. Yanzu kana kan layin, amma ba ka san ko ka yi gaba da yawa ko baya ba. A nan sai ka kwatanta tsawo: a takarda, auna da rula tsayin ƙaramin benen da tsayin abin da ya fito na dogon, ka ga ninki nawa ne. Idan a idonka ƙaramin benen ya rinjayi na nesa fiye da yadda yake a takarda, ka matso kusa da yawa, sai ka ja da baya a kan layin nan ba tare da ka sauka daga kansa ba. Idan ya ƙanƙance, ka ƙara gaba. Jeri na biyu da ka kewaye a ɗaya ɓangaren shi zai tabbatar maka cewa ka iso.

Saura tsawon kyamara daga ƙasa, wanda ake yawan mantawa. Masu ɗaukar hoto da yawa a shekarun 1950 da 1960 suna amfani da kyamarar da ake riƙewa a ƙirji ko a ciki ana leƙawa ta sama, saboda haka idon kyamararsu ya fi na mai waya ƙasa da kusan kamu ɗaya ko fiye. Wasu kuma sun hau bayan mota, ko barandar bene, ko kan gada. Hanyar ganewa ita ce a duba kawunan mutanen da ke tsaye a fili mai shimfiɗa: idan kawunan na kusa da na nesa duk suna kan layi ɗaya, kyamara tana daidai tsawon ido, idan kawunan na nesa suna hawa sama a hoton, an ɗauka daga bisa, idan suna sauka, an ɗauka daga ƙasa. A tuna kuma cewa titin da aka yi wa ciko da kwalta sau da yawa ya fi na da tudu.

Wata dabara mai sauƙi ita ce a buga tsohon hoton a farar leda mai nuna bayanta, irin wadda masu buga takardu ke sa wa a bangon kundi, a riƙe ta a gaban ido ɗaya a rufe ɗayan, a ga ko layukan gini sun hau kan na zahiri. Mutum biyu sun fi ɗaya a wannan mataki, ɗaya yana duban jeri, ɗaya yana duban motoci da Keke Napep, domin sau da yawa inda mai hoton farko ya tsaya a gefen hanya yanzu ya zama tsakiyar titi. Idan wurin ya faɗa tsakiyar kwalta, a dawo da sassafe ranar Lahadi. Idan gini ya hau kansa, ko an haƙe shi kamar yadda aka yi a inda aka gina hanyoyin ƙarƙashin ƙasa, a tsaya a wuri mafi kusa a rubuta cewa an kauce da taku kaza zuwa gabas ko yamma. Faɗin hakan ba ya rage wa aikin daraja, ɓoye shi ne ke ragewa.

Da an sami wurin, a ɗauka da babbar kyamarar wayar ba tare da jawowa ba. Kyamarar waya ta fi yawancin tsofaffin kyamarori faɗin gani, don haka sabon hoton zai ƙunshi tsohon har da ragi a gefe, daga baya a yanke shi daidai. A riƙe wayar a miƙe kada ta kalli sama, in ba haka ba gine-gine za su fito kamar suna jingina baya, kuma a guji ƙaramin gilashin nan mai faɗi sosai domin yana lanƙwasa layuka a gefe.

Rana da yanayi

Inuwar da ke cikin tsohon hoto tana faɗin lokacin da aka ɗauke shi. Titin Ahmadu Bello ya miƙe ne kusan daga arewa zuwa kudu, saboda haka da hantsi inuwa tana faɗawa yamma, gine-ginen da ke fuskantar gabas suna cikin haske, bayan la'asar kuma abin ya juya. Tsakar rana ta gaskiya a Kaduna tana kamawa wajen 12:30 ne a agogo. Akwai kuma wani abu da ba kowa ya lura da shi ba: da yake Kaduna tana kimanin digiri 10 da rabi arewa da tsakiyar duniya, daga wajen tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Agusta rana tana bi ta arewa da kai, inuwar tsakar rana tana karkata kudu, a sauran watanni kuwa tana karkata arewa, kuma ta fi tsawo a Disamba. Wanda ya san alƙibla a wurin zai iya gane rabin shekarar da aka ɗauki hoton daga inuwa kaɗai.

Sauran alamun yanayi a bayyane suke. Sararin sama fari fat da gine-ginen nesa da suka dushe na nuna hazon hunturu, ciyawa mai tsawo da gajimare na nuna damina. Hoton kogin Kaduna ya fi kowanne bukatar wannan kula, domin wanda ya kwatanta kogin watan Satumba na 1960 da na watan Maris na bana, lokacin da duwatsu suka fito fili, zai yanke hukuncin cewa kogi ya ƙafe alhali bambancin wata ne kawai. In hali ya yi, a jira watan da ya dace, ko da an gano wurin tun da wuri.

Izini da tsaro

Kaduna gari ne na soja, kuma wannan ba abin wasa ba ne ga mai yawo da kyamara. Barikoki, hedikwatar runduna ta ɗaya, makarantar NDA tsohuwa da sabuwa, sansanin sojan sama, masana'antar makamai ta Kakuri da Gidan Sir Kashim Ibrahim, wato gidan gwamnatin jiha, duk ba a ɗaukar su daga titi, ko da kuwa tsohon hotonsu yana yawo a intanet. Lugard Hall majalisar dokokin jiha ce a yau, tashoshin jirgin ƙasa suna da hukumarsu, kuma a irin waɗannan wurare takardar neman izini ce ke buɗe ƙofa, musamman idan ta fito daga makaranta ko wata ƙungiya sananniya. Jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi yana buƙatar izinin hukuma, kuma wannan aiki ba ya bukatarsa.

A cikin unguwa, a fara da mai unguwa ko dattawan da ke zaune a ƙofar masallaci. Bayan sallama da gaisuwa, sai a miƙa takardar a ce, “Ranka ya daɗe, wani tsohon hoto ne na unguwar nan muka samu, muna so mu gane wurin, ko za a taimaka mana?” Takardar da ke hannu ita ce babbar shaidar cewa ba leƙen asiri aka zo yi ba. Ba a ɗaukar matan aure ko cikin gida ba tare da yardar masu shi ba, a kasuwa kuma a nemi shugabannin 'yan kasuwa tukuna. A kula da masu ƙwacen waya a wuraren cunkoso, kuma kada a kai magariba ana aiki.

Abin da dattawa ke gani

Hoto yana nuna gini, amma ba ya faɗin wanda ya zauna a ciki ko dalilin da ya sa aka rushe shi. Wannan sai a bakin mutane, kuma tsohon hoto yana buɗe bakin dattijo fiye da kowace tambaya. A miƙa masa a yi shiru, a bar shi ya gyara tabarau ya nuna da yatsa. Tambayar da ta fi amfani ita ce mai buɗewa, kamar “Baba, me ke nan wurin a da?” ko “Hajiya, wa ke da wannan shagon?”, ba wadda ke sa masa amsa a baki ba. Tsohon ma'aikacin masaƙa da aka nuna wa hoton ƙofar KTL zai iya bayyana yadda titin Kakuri ke cika da kekuna a lokacin canjin aiki, da inda masu abinci ke zama, abubuwan da hoton ƙofar da aka rufe tun 2002 ba zai nuna ba. A nemi izini kafin a naɗi murya, a rubuta ranar hirar, kuma a ji daga mutum biyu ko uku da ba tare suke zaune ba. Dattawa sukan riƙe wuri da suna daram, amma shekara takan zame musu, don haka ya fi kyau a tambaye su zamanin wane gwamna ne, ko kafin yaƙin basasa ne ko bayansa.

Wasu wurare suna ɗauke da ciwo. Rikice-rikicen 2000 da 2002 sun sauya mazauna unguwanni da dama a ɓangarori biyu na kogi, kuma hoton da ke nuna coci ko masallaci ko gidan wani a inda babu shi yau yana iya tayar da abin da ba a nufa ba. Tarihi ne, ya cancanci a adana shi, amma ba kowane abin da aka adana ake watsawa a Facebook ba, kuma rubutun da zai raka irin wannan hoto ya tsaya a kan wuri da shekara.

Haɗawa da adanawa

A kwamfuta ko a waya, a ɗora sabon hoton a kan tsohon da manhaja irin GIMP ko Snapseed, a rage kaurin na sama zuwa rabi yadda za a ga biyun lokaci guda. A daidaita girma da karkata har abubuwan da aka kewaye su hau kan juna, amma kada a ja hoton ta gefe guda domin a tilasta masa dacewa. Idan kusurwa ɗaya ta hau ɗaya ta ƙi, wurin tsayuwa ne bai yi daidai ba, sai a koma. Kada kuma a shafa wa tsohon hoton launi da manhajojin zamani a gabatar da shi a matsayin shaida, domin launin da suke sakawa zato ne, suna kuma ƙirƙiro fuska da rubutun da babu su.

Wajen fassara abin da aka gani, a yi adalci ga hotunan biyu. Mai ɗaukar hoton gwamnati a 1959 ya zaɓi titin da aka share domin biki, ya juya baya ga abin da ba ya so a gani, don haka tsabtar da ke cikin hotonsa ba hujja ba ce cewa duk garin haka yake. Gara a lissafa abin da ake iya nunawa da yatsa: bishiyoyi nawa suka tafi, titi ya ƙara faɗi ta wane gefe, gidan zama ya koma shaguna, fili ya zama plaza.

Wajen wallafawa, a ambaci mai hoton asali da inda aka samo shi. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya tana kare hoto na tsawon shekara 50, ma'ajiyoyi suna da nasu sharuɗɗa ko bayan wannan wa'adi, hoton iyali kuwa yardar iyalin ake nema, musamman idan fuskokin mata sun fito. Kowane sabon hoto ya tafi da bayaninsa: ranar ɗauka da sa'a, lambobin wuri daga taswirar waya, ɓangaren da aka fuskanta, tsawon kyamara daga ƙasa, da kwatance cikin kalmomi, misali taku kaza daga kusurwar gini kaza, domin lambobin waya sukan kauce da 'yan mitoci. A ƙara da hoto guda na wurin tsayuwar kansa, wanda abokin tafiya zai ɗauka daga gefe. A buga biyun a takardar hoto mai kyau, a rubuta bayanin a baya da fensir domin tawada tana cin takarda, a kai kofe ɗaya ga iyalin da suka ba da aron hoton, a kuma tuntuɓi Arewa House ko ɗakin karatu na jiha ko za su karɓi ɗaya su ajiye.